Sanyin da Ke Shigowa ta Ƙarƙashi: Kimiyyar Ɗumama Jiki a Gadon Lilo

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka ta Arewa da Turai akwai mutane masu yawa da suka mayar da tafiyar ƙasa cikin dazuzzuka da duwatsu abin sha'awa. Sukan goya kayansu a baya, su yi kwana da kwanaki suna tafiya, duk inda dare ya riske su nan za su yada zango. Wata shahararriyar hanya da irin waɗannan matafiya ke bi ita ce ta duwatsun Afalashiya a gabashin Amurka, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Men. A da, tanti ne abokin tafiyarsu. Amma a shekarun baya-bayan nan da yawa daga cikinsu sun koma ga gadon lilo, wato ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaure bakinsa biyu a jikin bishiyoyi biyu, mutum ya kwanta a ciki yana reto kamar ƙwarya a cikin ragaya.

Dalilan wannan sauyi ba ɓoyayyu ba ne. Gadon lilo ba shi da nauyi, ba ya bukatar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma yana raba mai barci da duwatsu da laima da ƙwarin da ke rarrafe. Sai dai akwai wata matsala da kusan duk wanda ya fara kwana a cikinsa yakan ci karo da ita. Mutum zai shiga jakar barci mai kauri, ya rufe kansa ruf, amma can cikin dare sai sanyi ya tashe shi, ya ji ƙirjinsa da cikinsa da ɗumi, bayansa da kafaɗunsa kuwa kamar an ɗora su a kan ƙanƙara. Masu wannan harka sukan ce da zarar zafin iska ya sauko ƙasa da digiri 21 a ma'aunin Salshiyas ake fara jin wannan sanyi. A dare mai tsananin sanyi kuwa abin yakan wuce rashin barci, ya kai ga barazana ga rai.

Wannan maƙala za ta bayyana dalilin faruwar haka, da yadda ake magance shi. Duk alkaluman zafi da za a ambata a ma'aunin Salshiyas suke.

Asalin Gadon Lilo

Gadon lilo ɗan ƙasashen zafi ne. Mutanen asali na tsibiran Karebiyan da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu sun daɗe suna saƙa shi da auduga ko zaren tsirrai tun kafin zuwan Turawa. Kiristofa Kolumbus da mutanensa sun gan shi a tsibiran Bahamas a shekarar 1492, kuma sunan da ake kiransa da shi a harshen Sifaniyanci da na Ingilishi ya samo asali ne daga harshen mutanen Taino. Marubucin nan na Sifaniya, Gonzalo Fernandez de Oviedo, ya zana hotonsa a littafinsa na tarihin waɗannan ƙasashe da aka buga a 1535. Har yau a yankin Yukatan na Meziko da arewa maso gabashin Burazil, mutane da yawa a cikinsa suke kwana a gidajensu.

A irin waɗannan wurare, iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashin mai barci alheri ce, domin tana rage masa zafi da gumi. Duk da haka, ko a dajin Amazon akwai sanyin asuba. Shi ya sa mutanen Yanomami, mazauna kan iyakar Burazil da Benezuwela, suke rataye gadajensu kewaye da murhun iyali, suna iza wuta har gari ya waye.

Da gadon ya shiga jiragen ruwan Turai, sai aka fuskanci sanyi na gaske. Rundunar sojan ruwan Ingila ta karɓe shi a hukumance a 1597, kuma daga baya aka ƙayyade wa kowane matuƙi faɗin inci 14, wato kimanin santimita 36, na rataye nasa. Abin lura a nan shi ne, a cikin gadon matuƙan akan shimfiɗa siririyar katifa. Ke nan tun ƙarnoni da suka wuce masu jiragen ruwa sun gane cewa ƙyalle kaɗai ba ya isa a tekun arewa.

Jikin Ɗan Adam Murhu Ne

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ƙona abinci domin samun ƙarfi, kuma mafi yawan wannan ƙarfi yakan ƙare ne a matsayin zafi. Baligi mai barci yana samar da zafin da ya kai kimanin wat 70 zuwa 80, kwatankwacin ƙwan lantarki irin na da. Da wannan ɗan zafi ne jiki yake riƙe cikinsa a kusan digiri 37, fata kuma a kusan digiri 33.

Wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas shi ke sa ido a kan wannan ma'auni. Idan jijiyoyin fata suka kai masa labarin sanyi, sai ya ba da umarni ƙananan hanyoyin jini na fata su tsuke, jini mai ɗumi ya koma ciki inda zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa suke. Wannan ne dalilin da ya sa hannu da ƙafa suke fara yin sanyi. Idan hakan bai isa ba, sai tsokoki su fara karkarwa, wato rawar ɗari, wadda kan iya ninka zafin da jiki ke samarwa har sau huɗu ko biyar, amma na ɗan lokaci, kuma da asarar abinci mai yawa.

Barci yana raunana wannan tsaro. Zafin cikin jiki yakan sauka da kimanin rabin digiri zuwa digiri 1 da dare, ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba. A matakin barcin da ake yin mafarki kuwa, lokacin da idanu ke motsi a ƙarƙashin fatarsu, rawar ɗari da gumi duk sukan kusa tsayawa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, daidai wannan lokaci na gab da fitowar rana ne iska ta fi sanyi. Wato lokacin da jiki ya fi rauni shi ne lokacin da sanyi ya fi ƙarfi.

Hanyoyi Huɗu da Zafi Ke Zurarewa

Zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi. Abin da ake kira shigar sanyi, a haƙiƙa fitar zafi ce. Hanyoyin fitarsa daga jiki huɗu ne.

Ta farko ita ce taɓawa. Wanda ya zauna a kan daɓen siminti da asuba yakan ji sanyi nan take, domin simintin yana jan zafi kai tsaye daga fatarsa.

Ta biyu ita ce kwasar iska. Iskar da ke manne da fata takan ɗauki ɗumi, sai ta tashi sama ko wata iskar ta ture ta, sabuwa mai sanyi ta maye gurbinta. Wannan ne ke faruwa idan aka hura koko mai zafi domin ya huce.

Ta uku ita ce huci. Kamar yadda mai jin ɗumi yake jin hucin wuta a fuskarsa ba tare da ya taɓa ta ba, haka shi ma jiki yake fitar da nasa hucin zuwa ga duk abin da ya fi shi sanyi, musamman sararin samaniya a daren da babu gajimare.

Ta huɗu ita ce ƙafewar ruwa. Kowane giram ɗaya na gumi da ya zama tururi yakan tafi da zafi mai yawa. Da wannan hanya ce salka da randa suke sanyaya ruwa.

Mai kwana a ƙasa yana fama da hanya ta farko ne ta bayansa, kuma ƙasa mai laima ko dusar ƙanƙara ɓarauniyar zafi ce babba, shi ya sa masu tanti ma suke shimfiɗa. Amma busasshiyar ƙasa tana da sassauci guda: wurin da mutum ya kwanta yakan ɗumama sannu a hankali, kuma ba ya gudu ya bar shi. Iskar da ke ƙarƙashin gadon lilo kuwa ba ta zama. Duk wadda jiki ya ɗumama sai ta wuce, wata ta zo, haka har safiya. Mai gadon lilo yana ƙoƙarin ɗumama dukan iskar daji ne da bayansa.

Sirrin Bargo

Bargo ba ya samar da zafi ko kaɗan. Aikinsa shi ne tsare iska a wuri guda. Iska tana cikin abubuwan da zafi ya fi wahalar ratsawa, matuƙar ba ta motsi. Ruwa ya fi ta saurin miƙa zafi fiye da sau 20. Saboda haka duk abin da ke iya kama iska a cikin miliyoyin ƙananan gurabe, ya hana ta yawo, to ya zama shamakin zafi. Auduga da ulu da gashin tsuntsu da soso duk aikinsu ɗaya ke nan, kuma ƙarfin kowannensu ya danganta ne da kaurin iskar da ya riƙe.

Dabbobi sun riga ɗan Adam sanin wannan. Kaza takan kumbura gashinta da sanyin safiya domin ƙara kaurin iskar da ke tsakanin fatarta da waje. Tsikar jiki da ke tashi wa mutum idan ya ji sanyi ma irin wannan yunƙuri ne, sai dai gashin nasa bai kai ya yi amfani ba. A shekarar 1950 masanin halittu Per Scholander da abokan aikinsa sun auna fatun dabbobin yankin ƙanƙara da na ƙasashen zafi, suka nuna cewa ƙarfin riƙe ɗumi yana ƙaruwa ne da kaurin gashin.

Mafi inganci a cikin abin da ake cusa wa jakar barci shi ne lallausan gashin da ke kwance a ƙirjin agwagwa da dinya, a ƙarƙashin manyan gashin waje. Giram 28 na mai kyau daga cikinsa yana iya kumbura ya cika wurin da ya kai lita 13. Wannan laushi nasa shi ne darajarsa, domin matafiyi zai iya dunƙule shi a lungun jaka. Kuma wannan laushin ne dai yake jawo matsalar da ake magana a kai.

Inda Gizo Ke Saƙar

Idan mutum ya kwanta, nauyinsa yakan danne duk abin da ke ƙarƙashinsa. Gashin da ya kumbura ya kai santimita 5 a saman ƙirji, a bayan mai barci sai ya matse ya koma milimita 2 ko 3, iskar cikinsa ta fice. A gadon lilo abin ya fi muni, domin ƙyallen yana naɗe mutum ne, ya matse har da kafaɗu da kwatangwalo da gefen hannuwa. Abin da ya rage tsakanin fata da iskar dare shi ne matsattsen gashi da yadin nailan mai kaurin takarda.

Masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya bayyana ƙa'idar tafiyar zafi a littafinsa na 1822. A taƙaice, yawan zafin da ke ratsa shamaki yana ƙaruwa da faɗin wurin da kuma bambancin zafin ciki da na waje, yana kuma raguwa gwargwadon kaurin shamakin. Ga misali na kusanta fahimta. A ƙaddara fatar mai barci tana digiri 33, iskar dare tana digiri 5, faɗin bayansa da ke manne da ƙyalle kuma rabin murabba'in mita ne. Idan akwai kumburarren gashi mai kaurin santimita 5 a ƙarƙashinsa, zafin da zai zurare ta nan bai wuce kimanin wat 10 ba. Idan gashin ya matse ya koma milimita 3, asarar za ta tashi zuwa kimanin wat 80, ko da iska ba ta kaɗawa. Idan kuwa iska ta taso ta share ɗan siririn ɗumin da ke manne da bayan ƙyallen, asarar za ta haura wat 100.

A tuna cewa duk abin da jikin mai barci ke samarwa wat 70 ne zuwa 80. Ke nan bayansa kaɗai yana iya zubar da fiye da abin da jikin ke samu, kafin a lissafa numfashi da fuska da sauran gaɓoɓi. Ƙara bargo a sama ba zai toshe wannan ɓaraka ba, kamar yadda rufe bakin tulu ba ya hana shi yoyo idan gindinsa ne ya fashe.

Akwai wani abu kuma da ke yaudarar sabon shiga. Jakunkunan barci sukan zo da lambar da ke nuna iyakar sanyin da za su iya jurewa. Ana samun wannan lamba ne bisa ƙa'idar gwaji da Turai ta fitar a 2002, wadda ƙa'idar duniya ta maye gurbinta a 2016. A wajen gwajin, akan sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, a kwantar da shi a kan shimfiɗa mai hana zafi fita. Wato lambar ta riga ta ɗauka cewa an kare bayan mai barci. Wanda ya shiga gadon lilo da jakar kaɗai bai cika sharaɗin lambar ba.

Magani: Bargon Ƙarƙashi

Tunda nauyin jiki ne ke kashe shamaki, dabarar ita ce a sa shamakin inda nauyi ba zai kai gare shi ba. Bargon ƙarƙashi bargo ne da ake ratayawa a wajen gadon lilo, daga ƙasa, ya rungume bayan mai barci kamar yadda tafin hannu ke tallafe ƙwarya. Ƙyallen gadon ne ke ɗauke da nauyin mutum, bargon kuwa nauyin kansa kaɗai yake ɗauke da shi, don haka yakan kumbura iyakar kumburinsa. Akan ɗaure shi da igiyoyin roba masu talewa a bakin gadon biyu, domin ya riƙa bin jiki duk yadda mai barci ya juya.

Ɗaurin yana bukatar lura ta fuska biyu. Idan bargon ya yi sako-sako, rata za ta samu tsakaninsa da gadon, iska ta riƙa shiga ta wannan baki tana fita ta wancan, ta kwashe ɗumin. Idan kuma aka ja shi da ƙarfi fiye da kima, sai ya matse, a koma gidan jiya. Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya kwanta a ciki, abokin tafiyarsa ya zura hannu tsakanin bargon da gadon yana laluben rata, musamman a ƙarƙashin gwiwoyi da wajen wuya, sannan a tsuke bakin bargon. Akwai mai tsawon jiki duka, akwai kuma gajere da ke rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma sai an sa wa ƙafafu wata 'yar shimfiɗa.

Hanya ta biyu, wadda ta fi araha, ita ce shimfiɗar soso a cikin gadon. Ba kowane soso ba ne ke yin aikin. Soson katifa na gida ƙofofinsa a buɗe suke, da an danna shi iska ta fice. Wanda ake bukata shi ne mai rufaffun ƙofofi, irin wanda kowace ƙwayar iska take kulle a cikin ɗakinta, nauyi ba ya fitar da ita. Akan auna ƙarfin irin wannan shimfiɗa da abin da ake kira lambar R. Mai lamba 2 ta dace da dare mai sauƙin sanyi, lokacin ƙanƙara kuwa sai mai lamba 5 ko fiye. Illar soso ita ce yana zamewa idan mutum ya juya, sau da yawa faɗinsa ba ya kaiwa kafaɗu, kuma gumi yakan taru a kansa. Shi ya sa wasu gadajen ake ɗinka su riɓi biyu, a zura soson a tsakani.

Iska, Laima da Zaɓen Masauki

Bargon ƙarƙashi yana da maƙiya biyu. Na farko iska ce, wadda kan kutsa cikin gashin ta kori ɗumin da ya tara. Maganinta shi ne a kafa tamfol a saman gadon, a sauko da gefensa kusa da ƙasa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Tamfol yana da wani amfanin kuma: yana tare hucin da jiki ke aikawa sararin sama. Na biyu laima ce. Gashin agwagwa idan ya jiƙe yakan cure, ruwa ya maye gurbin iska, shamaki ya zama hanyar zubar zafi. Zaren roba da ake yi a masana'anta ya fi shi nauyi, amma ya fi shi jure laima. Haka nan tufafin da aka yi tafiya da su suka sha gumi ba a kwana da su.

Wurin zango ma yana da tasiri. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare takan gangaro ta taru a kwari da bakin rafi. Ƙololuwar tudu kuma nan iska ta fi kaɗawa. Tsaka-tsakin gangare, a cikin bishiyoyi, shi ya fi dacewa. Kafin a ɗaura, sai a ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe da zai iya faɗowa. Akan bar igiya ta sauko da kusurwar digiri 30, domin a wannan kusurwa nauyin da kowace igiya ke ja daidai yake da nauyin mai barci, alhali in an miƙe ta sosai jan yakan ninka. Kuma ɗamara mai faɗin santimita 2.5 ko fiye ake naɗa wa bishiya, domin siririyar igiya tana yanka ɓawo ta lalata rayayyen sashen da ke ƙarƙashinsa, wanda ta nan ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa.

Cin abinci kafin kwanciya yana ƙara wa murhun jiki makamashi. Hula da busasshiyar safa suna taimakawa, haka ma gorar ruwan ɗumi da aka rufe da kyau aka naɗe da ƙyalle. Barasa kuwa yaudara ce, domin tana buɗe hanyoyin jinin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke fita. Dabarar Yanomami ta kwana kusa da wuta ba ta dace da gadon nailan ba, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi.

Darasi Daga Sheƙa

Masu nazarin halittu ba za su ga wani sabon abu a bargon ƙarƙashi ba. Tsuntsu mai kwanci yana ɗumama ƙwai ta sama da fatar cikinsa, amma ƙasan sheƙa ne yake shimfiɗe wa da ciyawa mai laushi da gashi. Wata agwagwar teku da ke yankunan arewa masu sanyi takan tuge gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta, kuma manoma a Aisilan suna tattara wannan gashi suna sayarwa da tsada. Duk mai kiwon zomo ya san uwa takan tuge gashinta ta yi wa 'ya'yanta makwanci kafin ta haihu.

Birin cimfanzi, wanda ake samu har a gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, yana kwana ne a saman bishiya, inda iska ke ratsawa ta ƙarƙashinsa kamar mai gadon lilo. Kowace yamma yakan lanƙwasa rassa ya saƙa sabuwar sheƙa. Wani bincike da aka yi a Senegal da Tanzaniya, aka buga a 2018, ya nuna cewa waɗannan birai sukan ƙara kaurin sheƙarsu idan yanayi ya fi sanyi.

Alamomin Haɗari

Idan zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, an shiga halin da likitoci ke kira haifotamiya. Ba sai ruwa ya daskare ake shiga wannan hali ba. Jiƙaƙƙen mutum a cikin iska yana iya faɗawa ko da sanyin bai wuce digiri 10 ba. Alamun farko su ne rawar ɗari mai tsanani, yatsu su kasa ɗaure igiya, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice. Idan zafin ya sauko ƙasa da digiri 32, rawar ɗarin takan tsaya, barci ya rinjayi mutum. Tsayawar karkarwa ga wanda har yanzu yake cikin sanyi alama ce ta tsanani, ba ta sauƙi ba. Ƙasa da digiri 28 kuwa bugun zuciya yana iya rikicewa ya tsaya. Yara ƙanana da tsofaffi sun fi saurin faɗawa, yara domin faɗin fatarsu ya yi yawa idan aka gwada da girman jikinsu, tsofaffi domin murhunsu ya yi rauni.

Taimakon farko shi ne a kai mutum inda babu iska, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a rufe shi sama da ƙasa, a fara ɗumama ƙirji da ciki. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a jijjiga shi, kuma a gaggauta kai shi asibiti.

A Gida Ma Haka Abin Yake

Ko da yake kwanan daji a gadon lilo ba al'adar ƙasar Hausa ba ce, ƙa'idar tana aiki a kowane makwanci da ke sama da ƙasa. A tsakiyar hunturu sanyin asuba a Kano yakan sauko wajen digiri 13, a Jos da tsaunin Mambila kuwa ya fi haka. Ɗalibin makarantar kwana da ke kan gadon ƙarfe da lallatsattsiyar katifa, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa, halinsa ɗaya da mai gadon lilo. Idan yana da bargo biyu, shimfiɗa ɗaya a riɓanye a ƙasa ya fi tara su duka a sama. Kwali ko tabarma a ƙarƙashin katifar ma suna rage asarar.

Magabata sun bi wata hanyar, wato gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi da ake zuba wa garwashi, irin dabarar da mutanen arewacin ƙasar Sin suke yi da gadon tubali. A nan ma ta ƙarƙashi aka tunkari matsalar. Sai dai garwashi a rufaffen ɗaki ko tanti yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A samo gorunan roba huɗu masu girma ɗaya, a cika su da ruwa mai ɗumin digiri 45. Ta farko a naɗe ta da auduga sako-sako. Ta biyu a naɗe ta da auduga mai nauyi daidai da ta farko, amma a ɗaure ta tamau da zare har ta matse. Ta uku a bar ta haka nan. Ta huɗu a naɗe ta da siririn ƙyalle jiƙaƙƙe. A rataye su gaban fanka, a riƙa auna zafin kowace bayan minti 10 har awa guda, ɗalibai su zana sakamakon a takardar giraf. Bambancin gora ta farko da ta biyu shi ne zuciyar darasin, domin audugar ɗaya ce, iskar cikinta ce ta bambanta. Gora ta huɗu kuma za ta nuna abin da jiƙaƙƙiyar riga ke yi wa jiki.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa sanyin gadon lilo yana da tushe biyu: nauyin jiki yana matse shamakin da ke ƙarƙashinsa, iska mai motsi kuma tana kwashe zafin da ya ratso. Maganinsa shi ne a rataya shamaki a wajen gadon inda ba zai matse ba, ko a shimfiɗa wanda nauyi ba ya fitar da iskarsa, sannan a kare shi daga iska da laima. Ƙwararrun matafiya sukan gwada kayansu a bayan gida a dare mai sanyi kafin su shiga daji, inda idan abin bai yi ba sai a tashi a shiga ɗaki. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.